Gayyar Ƙasa Da Aikin Ubangida

Akwai wata gardama wadda ta kan tashi a birnin Sakkwato sau huɗu ko biyar a shekara, ta yi kwana tara ko fiye tana ci, sa'an nan ta lafa. Wanda ya bi ta Ƙofar Dundaye da maraice, ya tsaya bakin rumfunan da samari ke taruwa kallon ƙwallon ƙafa a talabijin, ba zai rasa jinta ba. Lokacin tashinta shi ne makon da a kan dakatar da wasannin kulob-kulob na Turai, don 'yan wasa su tafi su yi wa ƙasashensu wasa. Sai ka ga rumfa ta yi fayau, mai ita ya yi tagumi, samari kuwa suna ta tsaki, wai an ɓata musu mako a banza. In wasan na neman shiga gasa ne, su kan ɗan daure. Amma in aka ce na sada zumunci ne, watau wanda ba kofi a cikinsa, sai a yi ta zagin wanda ya ƙago shi. Har wani ya kan yi fatan kada ɗan wasan kulob ɗin da ya ke so ya amsa kiran ƙasarsa, ko da ƙasar nan kuwa Nijeriya ce.

Mai rumfa ba ni da ja da shi, don shi abincinsa aka taɓa. Amma samarin nan, da manyan da ke taya su, da shugabannin kulob na Turai waɗanda daga bakinsu aka kwaso wannan magana, ina da ja da su. Abin da na tsaya a kai shi ne, ƙasa tana da haƙƙin kiran ɗanta, ko wasan na kofi ne ko na zumunci, kuma ba daidai ba ne a tauye mata wannan haƙƙi. Sai dai kiran nan gayya ce. Kowane manomi na fadamar Rima kuwa ya san gayya tana da ladabi, wanda ya ƙi kiyaye shi, wata rana zai kira ba wanda zai zo.

Yadda Dokar Ta Ke

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san yadda abin ya ke a rubuce, don yawancin masu gardamar ba su sani ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wadda a ke kira FIFA, an kafa ta a 1904, Nijeriya kuwa ta shige ta a 1960. Ita ce ta keɓe waɗansu kwanaki a cikin shekara ta ce na ƙasashe ne: kwana tara a watan Maris, kwana tara a Yuni, kwana tara a Nuwamba. A da akwai kuma tara a Satumba da tara a Oktoba, amma a tsarin da FIFA ta amince da shi a 2023 an gama waɗannan biyu wuri guda daga 2026, suka zama kwana 16 masu ɗaukar wasa huɗu.

Cikin waɗannan kwanaki, tilas ne kulob ya saki duk ɗan wasan da ƙasarsa ta kira, muddin ta aika da takardar kira kwana 15 kafin lokacin. In ɗan wasa ya ƙi zuwa ba da yardar ƙasarsa ba, ba shi da ikon buga wa kulob ɗinsa a cikin kwanakin, har da ƙarin kwana biyar. In an gama, dole ya koma bakin aikinsa cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu in wasan a wata nahiya aka yi shi. Amma in ƙasa ta shirya wasa a waje da kwanakin nan, to, ba tilas a kan kulob, sai dai a roƙe shi. Kun ga ashe ba shekarar duka ƙasa ke nema ba. 'Yan makonni ne, sauran watannin duk na ubangida ne.

Kukan Masu Kulob

Ba zan ɓoye hujjar abokan gardamata ba, don tana da ƙarfi. Suna cewa su ke biyan yaro albashi kowane mako, su ke ciyar da shi, su ke da likitan da ke duba shi. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Yaya za a ɗauke musu ma'aikaci lafiya lau, a kai shi wata uwa duniya don wasan da ba kofi, a komo musu da shi a kan sanda?

Wannan kuwa ya sha faruwa. A watan Nuwamba na 2004, wani ɗan Maroko mai suna Abdelmajid Oulmers, wanda ke wasa a kulob ɗin Charleroi na Beljiyam, ya ji rauni a wasan zumunci tsakanin ƙasarsa da Burkina Faso. Sai da ya yi wata takwas bai taɓa ƙwallo ba, kulob kuwa na ta biyansa. Charleroi ta kai FIFA ƙara, manyan kulob-kulob na Turai suka mara mata baya, shari'a ta hau har babbar kotun Turai. Haka kuma a Yuni 2010 Arjen Robben na Holan ya ji ciwo a cinya cikin wasan zumunci da Hangari, ya daure ya buga gasar duniya da ciwon, da ya koma Bayern Munich sai aka tarar tsoka ta yage, bai sake wasa ba sai da sabuwar shekara ta kama. Mu ma a gidanmu mun gani. Ran 13 ga Oktoba 2019 Nijeriya ta kara da Birazil a Singafo, aka tashi 1 da 1. A wannan wasa Neymar ya fita da ciwo tun da wuri, golanmu Francis Uzoho kuma ya ji mummunan rauni a gwiwa, ya yi watanni yana jinya.

Duk wannan gaskiya ne. Amma masu kawo waɗannan labarai su kan faɗi farkonsu su haɗiye ƙarshensu. Ƙarar Charleroi ba ta kai ga hukunci ba, don a farkon 2008 aka yi sulhu, FIFA ta yarda ta riƙa ba kulob-kulob wani rabo daga ribar gasar duniya. A gasar 2010 an raba musu Dala miliyan 40, a ta 2014 miliyan 70, a ta 2018 da ta 2022 miliyan 209 kowace, aka kuma yanka musu miliyan 355 don ta 2026. Tun daga 2012 kuma akwai inshora: in ɗan wasa ya ji rauni yana yi wa ƙasarsa wasa a kwanakin FIFA, jinyar ta wuce kwana 28, FIFA ce za ta riƙa mayar wa kulob albashinsa, har zuwa Yuro miliyan 7 da rabi. Ranar wasan zumunci ta watan Agusta, wadda su ka fi ƙi, an soke musu ita. Bayern ma an lallashe ta da wasa na musamman da Holan a birnin Munich a 2012.

To, jama'a, mutumin da ya yi kuka aka share masa hawaye, aka biya shi diyya, aka rage masa kwanakin aro, in ya ci gaba da kuka, ai ba ciwon ne ke damunsa ba, so ya ke a bar masa abin duka. Daɗin daɗawa, kulob-kulob ɗin nan masu cewa tafiya na gajiyar da yaransu, su ne kowace shekara ke kwasar yaran su kai su Amurka da Asiya da Ostareliya wasannin zumunci na neman kuɗi kafin a fara gasa. In tafiyar ta cika musu aljihu ba ta gajiyarwa, sai in ta ƙasa ce.

Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Masu cewa wasan zumunci wasan banza ne, ina so su gaya mini daga ina ƙungiyar ƙasar nan ta fito. A 1949 aka zaɓi samari 18 aka sa su a jirgin ruwa zuwa Ingila, shugabansu Etim Henshaw, cikinsu har da Teslim Balogun. Da yawansu ba takalmi su ka yi wasa. Wasansu na fari sun ci kulob ɗin Marine, kusa da Liverpool, 5 da 2. A kan hanyar komowa su ka tsaya Firitawun ran 8 ga Oktoba su ka ci Saliyo 2 da nema, shi ne wasan farko da Nijeriya ta yi da wata ƙasa. Duk cikin wasannin nan ba ko ɗaya na kofi, don gasar Afirka ma ba a fara ta ba sai 1957. Ashe da wasan zumunci aka yanke wa ƙungiyar cibiya.

Ka dubi kuma bambancin mai koyar da kulob da mai koyar da ƙungiyar ƙasa. Na kulob yana tare da yaransa kullum, wata goma a jere, ya san wanda ke gudu da wanda ke jin tsoro. Na ƙasa kuwa yaransa a warwatse su ke, wannan a Italiya, wancan a Turkiyya, wani a Ingila, wani a Kano, kowa da irin tarbiyyar gidan da ya ke aiki. A ina zai gwada sabon yaro? A ranar da in an faɗi an fita gasa? Wannan ai fafe gora ne ranar tafiya. Ko maƙeri ba ya sayar da garma sai ya gwada bakinta.

Marigayi Stephen Keshi ya nuna mana amfanin abin a fili. Da ya karɓi ƙungiyar a ƙarshen 2011, sai ya tara 'yan wasan gida, ya shafe shekarar 2012 yana gwada su a wasannin zumunci, mutane na yi masa dariya. Da gasar Afirka ta 2013 ta zo, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan gida shida, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars. Ɗaya daga cikin shidan nan, Sunday Mba, shi ya jefa ƙwallon da aka fitar da Kodebuwa da ita, shi ya kuma jefa wadda aka ci Burkina Faso da ita ran 10 ga Fabrairu, aka ɗauko kofi bayan shekara 19 ana nema. Ba don wasannin da a ke kira na banza ba, wa zai san akwai Sunday Mba? Haka kuma a Nuwamba 2017, a garin Krasnodar na Rasha, da Nijeriya ta ci Ajantina 4 da 2, a ranar aka fara gwada Brian Idowu, ya kuwa ci ƙwallo, ya samu shiga gasar duniya ta 2018.

Akwai wani amfani kuma wanda ba kowa ya lura da shi ba. FIFA tana jera ƙasashe bisa ga ƙoƙarinsu, wasan zumunci ma yana da nasa maki, ko da ya ke bai kai na gasa ba. Da wannan jeri a ke raba ƙasashe tukwane in za a jefa ƙuri'ar gasa. Ƙasar da ta zauna ba ta wasa tana iya zamewa ƙasa, ranar ƙuri'a ta faɗa hannun manya.

Ga kuma abin da ke faruwa in aka bar kulob da son ransa. Gasar Afirka da aka fara a Maroko ran 21 ga Disamba 2025, bisa ga doka ran 8 ga wata ya kamata a saki 'yan wasa. Amma FIFA ta ɗaga ranar zuwa 15 ga wata, don kulob-kulob na Turai su ƙara mako guda da yaran. Masu koyarwa na Afirka su ka wayi gari da kwana shida kacal na shiri, wasan gwaji da Nijeriya ta shirya da Masar ma sai da aka matsar da shi zuwa 16 ga wata. Kun taɓa jin an yi wa gasar ƙasashen Turai haka? Wanda ya yarda a yau cewa wasan zumunci banza ne, gobe za a ce masa gasarsa ma banza ce.

Wa Ya Reni Yaron?

Masu kulob suna magana kamar su su ka haifi yaran nan. Bari mu ɗauki namu na gida. Shehu Abdullahi a Sakkwato aka haife shi, a 1993. A filayen ƙasar nan ya koyi ƙwallo, ya buga wa Kano Pillars, Keshi ya tafi da shi gasar 'yan wasan gida ta Afirka a 2014, inda Nijeriya ta zo ta uku. Bayan an gan shi cikin rigar ƙasa ne ƙofofin waje su ka buɗe masa, ya tafi Kuwait, da Fotigal, da Saifurus, da Turkiyya. Ahmed Musa ma a Kano Pillars ya yi suna, ya ci ƙwallo 18 a gasar gida kafin ya tafi Holan a 2010. Ƙwallo biyun da ya ci Aisilan a gasar duniya ta 2018 ba su yi wata biyu ba Leicester ta sayar da shi ga Al-Nassr ta Saudiyya. Wa ya karɓi kuɗin? Ba Nijeriya ba. Ingila ma, in za ta ba baƙon ɗan wasa takardar izinin aiki, cikin abin da ta kan duba har da yawan wasan da ya yi wa ƙasarsa. Watau rigar ƙasa ce ke ƙara wa hajar kulob daraja, sa'an nan a juyo a ce ƙasa ci-ma-zaune ce.

'Yan wasan su kansu sun san haka, su ne kuwa ke tsakanin wuta biyu. Wasannin Olimfik ba sa cikin kwanakin FIFA, sabo da haka a 2016 waɗansu kulob-kulob su ka riƙe yaranmu. Mikel Obi ya zaɓi tafiya, ya shugabanci ƙungiyar da Shehu Abdullahi ke ciki, su ka ci Honduras 3 da 2 su ka samo lambar tagulla, ita kaɗai ce lambar da Nijeriya ta samu a wasannin shekaran nan. Da ya koma Chelsea bai sake buga mata ko wasa ɗaya ba, har ya bar ta zuwa ƙasar Sin a Janairu 2017, bayan shekara goma yana yi mata aiki. Saurayin da ke zaune a rumfa cikin rigar Chelsea, yana fatan ɗan Nijeriya ya ƙi Nijeriya, ya tuna da wannan. Chelsea ba ta san da zamansa ba, in ta ci kofi a titin Landan za a zaga da shi. Amma ranar da Mba ya ci Burkina Faso, ai ba unguwar da ba a yi sowa ba, daga Ƙofar Dundaye har bakin teku. Son kulob ba laifi ba ne, nishaɗi ne. Laifin shi ne mutum ya fifita gidan aro a kan gidan ubansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Daddawa Ma Da Wari

Yanzu sai in juyo kan namu, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, watau NFF, ita ce mai kiran gayya, ta kuwa sha ba abokan gaba sandar dukanta.

Mai gayya ya kan sanar tun da wuri. A Disamba 2021, ana shirin gasar Afirka a Kamaru, Watford ta riƙe Emmanuel Dennis, hujjarta ita ce takardar kira ba ta iso cikin lokacin da doka ta yanka ba. Aka yi ta kumfar baki, amma aka tafi gasa ba shi. Doka ta ba mu makami, mu ka bar shi a kube.

Mai gayya ya kan tanadi fura da tuwo. Ƙungiyar Olimfik ɗin nan ta 2016 ta maƙale a Atlanta ta Amurka don rashin jirgi, ba ta isa garin Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin wasanta da Japan. Yaran su ka ci 5 da 4, amma wannan ƙoƙarinsu ne, ba shirin manya ba. A Nuwamba 2025 kuma, a Rabat, kwana biyu kafin wasa da Gabon na neman shiga gasar duniya, 'yan wasa su ka ƙi fita atisaye sabo da bashin alawus da su ke bi. Sun ci Gabon, amma Kwango ta fitar da su, Nijeriya ta rasa gasar duniya ta 2026 kamar yadda ta rasa ta 2022. In ba a iya sallamar yaro a wasan da ke da wannan nauyi ba, da wane baki za a ce ya taso daga Italiya don na zumunci?

Mai gayya ba ya kiran mutane sai da aikin yi. A Yuli 2021 aka shirya wasa da Meziko a Los Anjalas, a waje da kwanakin FIFA. Tun da ba dama a taɓa na Turai, sai aka kwashi 'yan wasan gida, alhali gasar gida ba ta ƙare ba, aka kai su gaban ƙasar da ta shirya tsaf don gasar nahiyarta, aka ci su 4 da nema. Keshi shekara guda ya yi yana gina 'yan gida. Waɗannan kuwa cike gurbi aka yi da su. A nan ne kuma za ka ga rashin adalci a fili: kulob na Turai yana da doka da lauya da inshora, kulob na gida kuwa sai dai a buga masa waya a ce ya aiko da yaro. Ashe ƙarfin namu a kan mai rauni ya ke ƙarewa.

Wasan da ba a sa masa ido kuma ya kan jawo ƙuda. Ran 1 ga Yuni 2011 Nijeriya ta ci Ajantina 4 da 1 a Abuja, Ajantinar da ta zo ba manyan 'yan wasanta. Daga baya FIFA ta binciki wasan sabo da irin cacar da aka yi a kansa, alƙalin da ya busa shi kuwa, a 2019 FIFA ta hana shi shiga harkar ƙwallo har abada bisa laifin karɓar rashawa. Irin wannan ke sa mutane su raina wasan zumunci gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda a ke kai gayyar. Singafo, Landan, Lisbon, Dalas, Mosko, can a ke kai yaranmu, a yi wasan ƙasa inda talakan ƙasar ba zai gani ba sai a gilashi. Alhali kuwa ranar da Masar ta zo Kaduna a Maris 2016, filin Ahmadu Bello ya cika ya batse, har mutane su ka hau kan turakun fitila. Ƙishirwa ke nan. Yaron da bai taɓa ganin 'yan wasan ƙasarsa ido da ido ba, amma yana ganin Arsenal kowace Asabar, don me za a yi mamaki in zuciyarsa ta karkata?

Ladabin Gayya

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganin mugun wasan zumunci shi ne kyakkyawan wasan zumunci, ba soke shi ba. Ga abin da na ga ya kamata.

Na fari, kada a bar kwanakin FIFA su wuce ba wasa, kada kuma a shirya wa manyan 'yan wasa wani a waje da su. A aika da takarda kafin kwana 15 ɗin nan su cika, da shaidar ranar da aka aika, don kada a bar wa kowa kafar zillewa. Wanda ya riƙe mana yaro bayan haka, a kai shi gaban FIFA, ba gaban 'yan jarida ba.

Na biyu, mai koyarwa ya zaɓi abokin karawa, ba ɗan kasuwa ba. Tun da ƙasashen Turai su ka ƙago gasarsu ta ƙasashe a 2018 su ka cika kwanakinsu da ita, samunsu ya yi wuya. Wannan ba hasara ba ce. Wasannin da ke hana mu zuwa gasar duniya a Afirka a ke yinsu, cikin zafi, a filaye masu wuya. Wasa da Nijar ko Mali ko Kamaru ya fi koya wa yaro abin da zai tarar, bisa ga tafiyar dubban mil don a ɗauki hoto.

Na uku, a tausaya wa yaro. Wanda kowa ya san iyawarsa, ya kuwa fito daga jinya ko ya buga wasa uku cikin mako, ba sai an sa shi minti 90 ba. Likitan ƙasa ya yi magana da likitan kulob. Mai aron jaki in ya mayar da shi da miki a baya, gobe ko doka ta tilasta a ba shi, da ɓacin rai za a ba shi.

Na huɗu, a yi wa kulob na gida adalcin da a ke yi wa na waje. In za a ɗauki yaransa, a tsayar da gasa, a yi musu inshora, a biya jinyar wanda ya ji ciwo. A kuma biya kowane ɗan wasa haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

Na biyar, ko sau ɗaya ne a shekara, a kawo wasan gida, a kuma riƙa zagayawa da shi. Gwamnatocin jihohi su gyara filayensu su kai yadda doka ke so. Filin Giginya yana nan a Sakkwato, na Sani Abacha yana Kano, na Muhammadu Dikko yana Katsina. Garin da ya haifi Shehu Abdullahi bai cancanci ya riƙa jin labarin ƙungiyar ƙasarsa daga bakin mai sharhi kaɗai ba.

In an kiyaye waɗannan, ubangida ba shi da sauran ta cewa, don an biya shi, an sanar da shi, an mayar masa da ma'aikacinsa lafiya. In ba a kiyaye ba, kowace shekara za a riƙa gutsure kwanakin ƙasa kaɗan kaɗan, kamar yadda aka gutsure mako guda a Disamba 2025, mu kuwa muna tafa wa masu gutsurar. Kai mai karatu, in gardamar nan ta sake tashi a gabanka, kada ka tambaya ko wasan na kofi ne. Tambayi wa ya shirya shi, don me, a ina, an kuwa biya yaran? In amsa ta yi kyau, ka goyi bayan ƙasarka. In ba ta yi ba, ka tuhumi mai gayya, ka bar gayya da mutuncinta. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya sa mu san darajar abin da ke namu, amin.